Yatsa Ba Ma'aunin Baƙin Mai Ba Ne

Daren Laraba da asubahin Alhamis, hanyoyin ƙasar Gumel na masu cin kasuwar Maigatari ne. Daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar, daga Gagarawa da cikin garin Gumel, motoci da babura kan ɗauko awaki da tumaki da buhunan riɗi da fatake su nufi bakin iyaka. Kafin a kama hanya, direbobi da yawa kan tsaya wurin mai sayar da baƙin mai a gefen titi. A ɗiga wa direba kaɗan a hannu, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya ware yatsun a hankali yana duba ko man zai ja zare. In ya ja, sai ya gyaɗa kai ya ce wannan mai ne, yana da jiki. In bai ja ba, sai ya ce ruwa ne, ba zai jure zafin Arewa ba.

Wannan gwaji ya samu karɓuwa har wurin waɗanda suka yi zurfi a boko. Likita da lauya da malamin kwaleji da darakta a ma'aikata, kowa ya miƙa wuya ga hukuncin cewa ƙasa mai zafi sai mai mai kauri, kuma kaurin mai shi ne ƙarfinsa. Hukuncin kuskure ne, kuma kuskure mai tsada. Yatsa yana auna mai a yanayin da inji ba ya aiki a cikinsa, yana yabon siffar da ɗan damfara ya fi kowa iya ƙirƙira, sannan yana ƙin man da masu ƙera injin suka rubuta a kan murfinsa. A zamanin da kuɗin inji ɗaya na Kwatano ya isa ya cinye albashin watanni, bai kamata a bar wannan al'ada ta ci gaba da yanke hukunci ba.

Abin da lambobin ke faɗa

Kowace macen da ta taɓa ajiye man shanu ta san asalin maganar. Da hunturu yakan daskare sai an sa cokali, da bazara ya narke ya zama kamar ruwa. Man inji ma haka yake: sanyi na ƙara masa kauri, zafi na tsinka shi. Don haka tambayar ko mai yana da kauri ba ta da ma'ana sai an faɗi a wane zafi.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da SAE, ita ce ta fara kasa man inji aji-aji bisa kauri tun a 1911, kuma ƙa'idarta mai lamba J300 ita ce duniya ke bi har yau. Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 da 15W-40 da 20W-50, sakamakon gwaji biyu ne daban.

Lamba ta farko, mai harafin W, labarin sanyi take bayarwa. Harafin farko ne na kalmar hunturu a Turanci, ba ya nufin nauyi kamar yadda ake yawan zato. Man da aka rubuta wa 0W an gwada cewa inji zai iya juyawa da shi a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, 20W kuma a 15. Ƙanƙantar lambar na nufin man ya fi saurin gudana lokacin da inji yake a sanyaye.

Lamba ta biyu ita ce labarin zafi. Ana auna kaurin man a digiri 100, wato zafin tafasar ruwa, da ma'aunin da ake kira santistok, wanda ruwan sha yake da kusan 1 a kansa. Aji na 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, aji na 40 tsakanin 12.5 da 16.3, aji na 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. Akwai kuma gwaji na uku a digiri 150, inda ake matsa man cikin tsananin gudu don a ga ko zai riƙe shimfiɗarsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Man da bai ci wannan jarrabawa ba, ba a ba shi lambar.

A nan asirin yatsa ke tonuwa. Man 20W-50 na yau da kullum yana da kaurin kusan santistok 160 a digiri 40, wato zafin tsakar ranar Afrilu a Gumel. Da ya shiga inji ya kai digiri 100, sai ya sauko zuwa kusan 18. Ninki tara na abin da yatsa ya ji ya ɓace. Man 5W-30 kuwa daga kusan 60 yake saukowa zuwa 10 ko 11. Tazarar da ta yi kama da ta zuma da man gyaɗa a hannu ta koma ƙarama a cikin inji. Misalin da ya fi wannan ma shi ne na man SAE 40 mai lamba ɗaya da man 5W-40. A digiri 100 ajinsu ɗaya. Amma a yatsa na farko ya fi na biyu kauri nesa ba kusa ba, don haka direba zai rungumi na farko ya kira na biyu ruwa, alhali a wurin da aikin yake ba su da bambancin kauri, kuma na biyun ya fi saurin isa saman inji da asuba.

Hujjar zafin rana

Babbar hujjar masu kauri ita ce rana. Sukan ce waɗannan siraran mayuka na ƙasashen ƙanƙara ne, nan kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Gaskiya ne rana na dukan ƙasar Gumel, amma inji ba da zafin rana yake aiki ba. Wutar da ke ci a cikinsa ta ninka zafin rana sau da yawa, kuma ruwan lagireto da fanka da wata 'yar na'ura mai buɗe hanyar ruwa da rufe ta, wadda kanikawa ke kira tamostat, su ne ke tsare shi a wajajen digiri 90, ko a Maigatari yake ko a Landan. Zafin gari da nauyin kaya na iya ƙara wa mai wasu digirori, shi ya sa ake gwada shi har a 150. A birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, inda zafin watan Yuli ke haura digiri 40 kusan kullum, motocin Toyota da Honda na yawo da 0W-20 shekara da shekaru.

Abin takaici, gareji ɗaya da ke ba da shawarar mai mai kauri saboda zafi, shi ne kuma ke cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta iso daga Kwatano. Sakamakon haka inji kan daɗe bai ɗumama ba, wani lokaci ma ba ya kai zafin da aka tsara masa a gajeriyar tafiya. Man da dama ya yi kauri fiye da kima sai ya zauna cikin sanyi yana ƙara kauri. An haɗa wa inji cuta biyu da sunan magani.

Sai kuma hunturu, wanda masu hujjar zafi kan manta da shi. A Disamba da Janairu, asubahin Ɗanzomo kan sauko ƙasa da digiri 15, lokacin da mutane ke jin ɗumi a bakin wuta. A irin wannan safiya man 20W-50 ya ninka 5W-30 kauri kusan sau uku. Daga lokacin da aka murza makulli zuwa lokacin da mai ya kai saman inji, ƙarafa na gogar juna da ɗan abin da ya rage a jikinsu tun jiya. Babban kaso na cin da inji ke yi a rayuwarsa a waɗannan daƙiƙoƙi da mintocin ɗumama yake faruwa. A cikin filtar mai kuma akwai wata ƙofar gaggawa da ke buɗewa idan man ya yi kaurin da ba zai ratsa takardar tacewa da sauri ba, don kada inji ya rasa mai baki ɗaya. Duk lokacin da ta buɗe, man da ba a tace ba ne ke zagayawa, da ƙurar da ya kwaso. A yankin da iskar hunturu ke cika hanci da ido da rairayi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injinan zamani sun ƙara wa maganar nauyi. Ratar da ke tsakanin karanshaf da metal ɗinsa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 Toyota ta fito da tsarin VVT-i, Honda kuma tana da i-VTEC, waɗanda ke amfani da man inji kansa wajen sauya lokacin buɗewar bawul ta wasu siraran hanyoyi masu raga. A irin waɗannan injina mai ba shafi kawai yake yi ba, aikin jijiya yake yi. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Camry ta 2002 zuwa 2006 da aka ƙera don kasuwar Amurka, 5W-30 aka rubuta musu. Honda Accord ta 2003, 5W-20. Camry mai silinda huɗu ta 2010, 0W-20, ta 2018 kuwa 0W-16. Waɗannan su ne motocin da suka cika sakatariyoyin ƙananan hukumomi da harabar Kwalejin Ilimi ta Gumel, kuma da yawansu SAE 40 suke sha.

Bakanike kan nuna cewa da aka zuba mai kauri ƙarar inji ta ragu, kuma jar fitilar mai ta daina ƙyaftawa. Haka ne, amma fitilar matsi take aunawa, ba yawan man da ke gudana ba. Wanda ya toshe bakin tiyo da yatsa zai ji matsi ya ƙaru, ruwan da ke isa shuka kuwa ya ragu. Mai shi ne ke kwashe zafi daga fistin da metal ya kai shi ƙasa, kuma wanda ba ya gudu ba ya kwashewa. Ƙarar da ta yi shiru ba ta warke ba, an rufe mata baki ne.

Inda kanikawa suke da gaskiya

Adalci ne a faɗi cewa wannan al'ada ba daga jahilci ta fito ba. Manyan kanikawan Arewa sun koyi sana'a ne a kan Fijo 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kamfanin da ke Kaduna kuma ya riƙa harhaɗa motocin Fijo tun daga 1975. Waɗannan injina da na tsofaffin Bedford da Land Rover masu faɗin rata ne, kuma mai mai kauri ya dace da su. Ilimin gaskiya ne a zamaninsa. Injina ne suka canza, darasin bai canza ba, kuma yaron gareji na yau yana gadar hukuncin ubangidansa ba tare da dalilin da ya haife shi ba.

Har yanzu akwai inda kauri ke da gurbi. Tsohuwar J5 da ke jigilar dabbobi, ko Golf da ta ci ringi tana hayaƙi, za ta iya samun sauƙi da 20W-50 kafin a tara kuɗin buɗe inji. Manyan motocin dizal da ke kwasar shanu daga Maigatari zuwa Legas da Fatakwal, 15W-40 ne abincin mafi yawansu. Haka kuma littafin mota na inji iri ɗaya yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: wanda aka buga don ƙasashen Larabawa ko Ostareliya sau da yawa yakan ba da zaɓi mai faɗi fiye da na Amurka, inda dokar tsimin fetur da aka kafa a 1975 ta tura kamfanoni zuwa siraran mayuka. Saboda haka mai Camry da ta yi kilomita dubu ɗari uku, wanda ya hau mataki ɗaya daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, bai yi saɓo ba. Wannan hukunci ne da aka gina kan littafi da shekarun inji. Abin da ba shi da madafa shi ne a tsallake matakai uku a kan kowace mota, sabuwa da tsohuwa, saboda mai ya ja zare a hannu.

Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya ɓangaren. Ɗan boko da ya ji cewa sirarin mai ne na zamani, sai ya zuba ragowar man motarsa a babur. Boxer da ire-irensa, waɗanda su ne ƙafar ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, iska ce ke sanyaya injinsu, kuma mai ɗaya ne ke shafe inji da giya da kuloci. Man mota na tsimin fetur yana ɗauke da sinadaran ƙara santsi da ke sa kulocin babur zamewa. Shi ya sa Japan ta fito da ƙa'idar JASO a 1998, kuma man da ya dace da irin wannan babur yakan ɗauki alamar MA ko MA2. A babur, 20W-50 mai wannan alama na iya zama daidai. Kowane inji da abincinsa.

Wa ke cin ribar yatsa?

Mafi munin abin da gwajin yatsa ya haifar shi ne kasuwar da ya buɗe wa maha'inta. Man inji na ƙwarai haɗi ne na gundarin mai da sinadarai masu yawa: masu wanke dauɗa, masu hana tsatsa, masu kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa, masu hana ƙarfe cin ƙarfe, da masu hana man tsinkewa da zafi. Waɗannan sinadarai su ne masu tsada, kuma babu ɗayansu da yatsa ke iya ji. Kauri kuwa shi ne mafi arahar abin da za a iya ƙirƙira. Gundarin mai mara sinadari yana da kauri. Tsohon man da aka juye daga tirela aka tace aka sake masa launi yana da kauri. Wanda ke ɗura irin wannan a gorar ruwa daga duro mara suna ya san jarrabawar da za a yi masa, kuma ya shirya mata. Muddin mai saye da yatsa yake awo, mai ha'inci ba zai taɓa faɗuwa ba.

Ma'aunin inganci na nan a jikin galan, kusa da lambar kauri. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, tana ba man injin fetur haruffa biyu da ke farawa da S. Ajin SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Ajin SF cibiyar ta ce bai dace da injinan da aka ƙera bayan 1988 ba, amma har yau ana ganinsa a kan kanta ana zuba wa motocin 2010. Ajin SA, wato mai mara sinadari, bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba, kuma a ma'ana wannan shi ne ajin abin da ke cikin duro mara suna. Na dizal da C suke farawa, irin su CH-4 da CI-4. Mai biyu na iya zama 20W-50 dukkansu, ɗaya ya kare inji ɗaya ya kashe shi.

Tsada ta ƙara rura wutar. Sashen man shafi na matatar Kaduna ya daɗe ba ya aiki, don haka gundarin mai daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma na bin dala. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekara, direban haya ya shiga neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma baƙin mai ne wuri mafi sauƙi domin illarsa ba ta fitowa a ranar. Takan fito bayan watanni, a tsakiyar hanyar Gujungu da kaya a baya, sannan a nufi Ƙofar Ruwa a Kano neman inji. Araha ba ta ado. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, da hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa, su ke da alhakin sa ido a kan wannan kasuwa, kuma SON ta sha sanar da kama jabun man inji. Amma samame a manyan birane ba ya isa teburin da ke bakin tasha a ƙauye. Abin da zai kashe wannan tebur shi ne mai saye ya daina neman abin da yake sayarwa.

Laifin masu karatu

Ba a kan bakanike ya kamata a ɗora mafi yawan laifin ba. Sau da yawa bai samu damar karatu ba, kuma yana aiki da abin da ya gada. Mai laifi na gaske shi ne mai digiri da ke karanta takardar magani kafin ya ba ɗansa, ya karanta yarjejeniyar fili kafin ya sa hannu, amma bai taɓa duba murfin man motarsa ba, inda a yawancin motocin Amurka aka rubuta lambar ɓaro-ɓaro. Yakan miƙa makulli da kuɗi ga direba ya ce a je a yi juye, bai tambayi wane mai aka zuba ba, bai nemi ganin galan ba. Idan littafin motar ya ɓace a Kwatano, yana nan a intanet, kuma wayar da ke aljihunsa ta isa ta nemo shi. Da injin ya buga, sai ya ce motocin yanzu ba su da ƙarko.

Irin waɗannan mutane su ne kuma ke sa hannu a takardun kula da motocin asibiti da na ƙananan hukumomi da taraktocin noma. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta kwanta a harabar asibiti saboda inji ya buga, wata mai naƙuda ce a ƙauye za ta biya kuɗin, a bayan babur ko a amalanke. Takardar sayen mai da ta ce galan kaza na baƙin mai kawai, ba lambar kauri ba ajin inganci, gayyata ce ga duro mara suna.

Gyaran ba shi da wuya. Mai mota ya karanta lambar da ke murfi ko littafi, ya sayi galan rufaffe mai wannan lamba da ajin API da bai gaza na shekarar motarsa ba, a wurin dillali sananne, a buɗe a gabansa. Ya fasa galan ɗin bayan an juye, domin da tsofaffin galan na asali ake sayar da jabu. Ya canza filta tare da mai. Tun da littattafan motoci kansu sun sa ƙura da gajerun tafiye-tafiye da nauyin kaya cikin aiki mai tsanani, ya bi gajeren wa'adin juye, wanda a motoci da yawa yake wajajen kilomita 5,000, ya kuma kula da filtar iska, domin rairayin da ta bari ya wuce babu man da zai iya da shi. Ya mayar da tamostat inda aka cire ta. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi a Gumel da Maigatari kuwa, takarda ɗaya mai jerin motocin da aka fi hawa da lambar man kowacce, a rubuce da Hausa a manne a bangon gareji, za ta ceci injina fiye da duk wata nasiha. Ranar da direba ya tsaya a bakin tasha ya juya galan yana neman lamba maimakon ya miƙa yatsa, mai duro zai fara neman wata sana'a.